Muƙamuƙin Farfesa

Wata biyu da fara karatun likitancin haƙori a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, na riga na ɗauki kaina masanin muƙamuƙi. An koya mana cewa ƙashin muƙamuƙin ƙasa na namiji ya fi girma da faɗi, haɓarsa a baje, kusurwar da ke ƙasan kunne kuma ta fi matsewa. Na mace ya fi siranta, haɓar ta ɗan yi tsini. Farfesarmu ta ƙara da cewa wannan a jimlace ne, mutum ɗaya yana iya saɓawa. Wannan ƙarin bai shiga kunnena ba, lokacin hankalina yana wajen abincin rana.

Daga nan na zama fitina. In na shiga jirgin ƙasa, kowa idonsa a waya, ni nawa a haɓar mutane, ina ta yanke hukunci a zuci kamar alƙalin ƙauye. Ga tashar Apgujeong cike da tallan asibitocin da ke kankare muƙamuƙi ya koma siffar V, amma ban taɓa haɗa wannan da darasinmu ba.

Ranar gwaji aka haska hoton ƙashi a allo, siriri, haɓa kamar bakin masilla. Tun ba a gama tambaya ba na ɗaga hannu.

"Gyosunim, mace ce. Budurwa ma." Gyosunim wato farfesa ke nan da Koriyanci.

Saurayin da ke zaune kusa da ni ya sunne kai, kunnuwansa suka yi ja kamar barkono. Ashe ɗalibai ne suka bayar da hotunansu, wannan kuwa nasa ne, bayan aikin kankare muƙamuƙi da aka yi masa a unguwar Gangnam. Da ina da wayo da na ja bakina na yi shiru. Ina! Wai sai na wanke kaina.

Hoto na biyu ya fito, faffaɗa, kusurwoyi a buɗe waje kamar hannun tukunya. Na gyara murya.

"Wannan kam ƙato ne. Kuma da gani ba ya wasa da busasshen ojingo." Wato wannan naman ruwan mai tauri da ake cewa yawan taunarsa yana faɗaɗa muƙamuƙi.

Ajin ya yi tsit, ko tari babu. Farfesa ta cire tabarau, ta juyo da gefen fuskarta a hankali, ta jera ta da hoton.

"Nawa ne," in ji ta. "Ojingo kuwa ina ci."

Na yi ta rusunawa har goshina ya kusa bugun tebur, bakina kuma yana ta sakin "Allah ya huci zuciyarki" da Hausa, don Koriyancin ya gudu ya bar ni.

Hukuncina shi ne in auna kusurwar hotuna 40, in jera na maza da na mata. Na kwana uku a kai, lambobin suka cakuɗe a tsakiya kamar shinkafa da wake. Da na kai mata, ta duba, ta ɗago ta ƙare wa haɓata kallo, ta ce gobe in je a ɗauki nawa hoton, 'yan ajin baɗi suna buƙata.