Ganin amarya a gidan da ba shi ba

Yawancin masu kallon fassarar Indiya-Hausa ta fuskar faɗa suka san finafinan Telugu, wani harshe na kudancin Indiya: jarumi ya kai naushi ɗaya, ƙarti biyar su tashi sama, ƙura ta turnuƙe. Ba laifi, ni ma ina kallo. Amma fim ɗin da na fi komawa kansa daga masana'antar finafinan Telugu da ke birnin Hyderabad ba irin waɗannan ba ne. Sunansa Pelli Choopulu, ya fito a 2016, kuma shi ne dogon fim na farko da Tharun Bhascker ya ba da umarni.

Sunan yana nufin zaman da ake yi na ganin amarya. Iyayen saurayi su kwaso shi su je gidan budurwa, a kawo shayi, a ƙare mata kallo, sannan a ba yaran ɗan lokaci su gana. Kowa ya san zaman nan wasan kwaikwayo ne. Saurayi ya zama salihi, budurwa ta sunkuyar da kai kamar ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Prashanth, wanda Vijay Deverakonda ya fito a matsayinsa, ya gama karatun injiniya da ƙyar, ba aikin fari ba na baƙi, girki kawai yake so. Chitra kuwa, wato Ritu Varma, mai kai ce, kasuwanci ke ranta, tana shirin tafiya Ostareliya. An bar su a ɗaki, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Tun da ba mafita, sai hira ta ɓarke: shi ya fallasa lalacinsa, ita ta ba da labarin saurayin da ya watsar da ita bayan sun shirya buɗe motar sayar da abinci tare. Can sai aka gano ashe iyayen Prashanth gida suka ɓata, ba nan ake jiransu ba.

A ganina nan fim ɗin ya ciri tuta. Mutum biyu sun faɗa wa juna gaskiya ne kawai don babu wanda ke neman ya burge wani. Da zaman ya tafi yadda manya suka tsara, da ƙarya za su shirga wa juna cikin ladabi, a sa rana. Wanda ya taɓa zuwa zance da aron takalmi da aron murya ya san abin da nake nufi. Daga baya ma ba rawa a gindin bishiya ce ta haɗa su ba, sana'a ce: shi yana girki a motar, ita tana riƙe da lissafi, suna faɗa suna shiryawa. A bakin murhu ake gane mai haƙuri da mai zamewa in aiki ya yi zafi.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda fim ɗin bai ɓoye ba. A can iyayen amarya ne ke bai wa ango dukiya, abin da masu Telugu ke kira katnam. Indiya ta haramta shi da doka tun 1961, amma bai mutu ba. Dabarar gidan su Prashanth ita ce ya auri 'yar mai kuɗi ya huta da neman aiki, kuma fim ɗin ya mai da wannan kwaɗayi abin dariya, ya bar mai kallo da kunyarsa. Kada mu yi saurin taɓe baki don mu ango ne ke biyan sadaki. A tambayi uban da ya ci bashi saboda kayan ɗaki da gara.

Wannan ya bambanta shi da tarin finafinan barkwancin aure, na Telugu da na sauran wurare, inda dariyar duka a kan mace take: matar gida mai mita, miji abin tausayi. A nan cima-zaune ake yi wa dariya, da uban da ke ganin haihuwar mace asara ce. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta ƙasa a Indiya a matsayin gwarzon fim ɗin Telugu, da wata ta tsara maganganun 'yan wasa, an kuma sake yin sa da Hindi da Malayalam da Tamil.

Duk da haka ina da ƙorafi. Prashanth ya sha da sauƙi. Chitra ce ta zo da dabara, ita ce ta ja ragamar, ita ce kuma aka ɗora wa aikin mai da malalaci mutum, kamar dai mace makarantar gyaran hali ce. Ya yi sake, an yafe masa, don yana da fara'a kuma hannunsa na da daɗi. Na sha tambayar kaina: da Chitra ce ta gama makaranta da ƙyar, ta kwanta a gida tana jiran miji mai kuɗi, minti nawa masu kallo za su ba ta kafin su tsane ta?