Gwajin ɗakin bincike ba shi ne warkar da mutum ba

Kwanakin baya a wani majalisi a Ƙofar Soro, nan Katsina, wani dattijo ya ce min ya daina shan ƙwayoyin sikari, domin ya ji masana sun gwada ganyen zogale sun ga yana rage sikari. Abin ya dame ni, domin mutane da yawa haka suka ɗauka. Kuma ba ƙarya ya ji ba, ana irin wannan gwaji a jami'o'inmu.

Sai dai yawancinsa a kwanon gilashi ko jikin ɓeraye ake yi, da sinadarin da aka tatso aka tace, mai ƙarfin da tafasasshen ganye ba ya kaiwa. Jikin mutum kuwa daban ne. Ciki na narkar da abu, hanta na sarrafa shi, ƙoda na fitar da shi, ƙila ɗan kaɗan ne zai isa jini. Sai an gwada a kan mutane kafin a san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa.

Dubi artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin wata mai binciken magunguna mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka ware shi a 1972, bayan sun gane cewa zafin tafasawa na ɓata shi. Ta samu kyautar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin ƙwayar ba, saboda sinadarin da ke cikinsa bai da tsayayyen awo.

Na ce masa: "Baba, a ci kwaɗon zogale, amma a koma wa ƙwayoyin nan, a kuma sanar da likita."