Ɗan fashin da aka sa wa kaki

Mu 'yan Arewa da muke zaune a Sin, in hira ta kai ga mulkin soja, tunaninmu juyin mulki ne: a wayi gari da kiɗan badujala a rediyo, kamar a 1966 ko 1983. Abin da Sin ta gani daga 1916 zuwa 1928 ya sha bamban, kuma shi ya fi tsorata ni game da gida.

Da shugaban ƙasar Sin Yuan Shikai ya mutu a 1916, bayan yunƙurinsa na naɗa kansa sarki ya rushe, sai rundunarsa ta Beiyang ta dare gida-gida. Kowane janar ya kama lardi, da sojansa da harajinsa. A Sichuan sun karɓi harajin gona na shekaru masu zuwa tun kafin a haifi waɗanda za su noma gonar. A wasu wurare an tilasta wa manomi shuka tsiron da ake yin ƙwayar maye da shi, wanda ya ƙi a ci shi tarar "lalaci". A 1923 wani janar, Cao Kun, ya sayi kujerar shugaban ƙasa da tsabar kuɗi daga hannun 'yan majalisa.

Wanda na fi tsayawa a kansa Zhang Zuolin ne, wanda gidansa a birnin Shenyang ya zama gidan tarihi. Ɗan fashi ne a Manchuria, arewa maso gabashin Sin. Daular Qing mai mulkin Sin a lokacin ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta sa masa kaki, shi da yaransa. Lallashin nan ne ya kai shi ga mallakar Manchuria gaba ɗaya, har ya riƙe Beijing, kafin sojan Japan su tashi jirgin ƙasansa da bam a 1928.

Janar-janar namu, duk da ɓarnarsu, ba su raba ƙasa lardi-lardi ba. Amma manomin Zamfara da yake biyan 'yan bindiga kafin ya girbe geronsa, me ya raba shi da na Sichuan? Shi ya sa jikina ya yi sanyi a 2022 da na ji an naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga sarauta a 'Yandoto. Ina goyon bayan sulhu, wallahi, jinin ya isa haka. Sulhun da nake ƙi shi ne wanda zai bar mutum da bindigarsa da harajinsa, a kuma ƙara masa rawani. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan sun ga yadda aka mayar da 'yan bindigar Janjawid runduna ta hukuma, tun Afrilun 2023 kuma, da yaƙi ya ɓarke tsakanin rundunar da sojan ƙasar, suna gudun hijira.