Kwata ta fasa min gwiwa, mai kati ya ƙarasa ta

Ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na isa tagar karɓar kati a sashen gashin ƙashi jiya Talata. Na riƙe mintocin ne domin su ne laifina. Mai ƙafar da ba ta lanƙwashewa ba ya matsuwa da mutum uku a bayan adaidaita, dole shata zan ɗauka in miƙe ƙafa a kan kujera kamar an ɗauko azara, kuma sai da na tsayar da guda shida kafin a samu wanda zai kai ni ba tare da ya yanke ni ba.

Wata uku ke nan da na rufta kwatar da aka buɗe a bakin layinmu da sunan gyara, damina biyu tana nan baki buɗe. Ƙoƙon gwiwa ya rabe biyu, aka yi min aiki aka ɗaure shi da waya. Ni tela ne, kekena na ƙafa ne tunda wuta sai ta ga dama. Wato gwiwar nan ita ce jarina, ita ce cefanen gidana.

Yaron da ke tagar bai fi sa'an ƙanina na uku ba. Waya a hannu, abin sauraro a kunne ɗaya, ƙullin gyaɗa a kan rajista. Na yi sallama. Shiru. Na sake yi, ya ɗago ido, kai kuwa yana inda yake.

"An rufe kati."

Na ce, "Ɗan'uwa, yau aka rubuta min, ga shi a jiki."

"Mutum ashirin ake gani. Sun cika."

Na gyara tsayuwa, hamata na zogi saboda sanduna. Na ce ya dubi halin da na zo a ciki ya taimaka saboda Allah. Sai da ya jefa gyaɗa a baki, ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ce, "Baba, duk wanda ka gani a nan da sanda ya zo."

Baba! Shekarata arba'in da huɗu, amma ciwo ya ba ni furfurar da ba ni da ita. Na haɗiye wannan. Na ce to yaushe zan dawo? Ya ɗaga shafi da yatsa ɗaya kamar mai taɓa kashin kaji, ya ce bayan sati uku. Na ce likita ta ce sau biyu a sati, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. Ya ce to in je likitar ta ba ni kati. Har na juya, sai ya biyo ni da wadda ta hana ni barci: "Ai gashi ne kawai, ba mutuwa za ka yi ba. Ka sa Hajiya ta dafa maka ruwan zafi a gida."

Allah ya ƙara ilimi, Farfesa. Mutane su shafe shekara biyar ko fiye a jami'a suna karanta jijiya da tsoka da gaɓa, ashe asirin duka yana cikin butar shayi, kai kaɗai aka faɗa wa.

Sunan ne ma ya cuce mu. Da an ce gashi sai a ɗauka tsumma ne da ruwan ɗumi irin na mai jego. Likitar da ke duba ni, baiwar Allah, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, ita ta zaunar da ni ta yi min bayani. Gwiwar da aka ɗaure makonni, naman cinya na gaba yakan zube, ciki kuma tabo ya yi ta kama gaɓar kamar danƙo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tana da wani ma'auni mai hannu biyu da take ɗora min a gefen ƙafa, zuwana na ƙarshe ya nuna lanƙwasar gwiwar ta tsaya a digiri 70. Hawa bene da zama a kujera suna son wajen 90. Zaman tahiya kuwa sai ka doshi 150. Ni da na taso sahun gaba, yau a kan kujerar roba nake sallah a ƙarshen sahu tare da tsofaffi. Maganar tsuguno a banɗaki, a bar kaza cikin gashinta. Kowane sati da ya wuce ba a tanƙwara ta ba, wani abu ne ke tafiya wanda dawo da shi sai an sha wuya, in ma ya dawo. Wannan shi ne "kawai" ɗin Farfesa.

Masu gashin su biyu ne fa a sashen kaf, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga yara, ga 'yan haɗarin mota jere a benci. Keken motsa ƙafa ɗaya ne, fedarsa ɗaure da roba. Kuma ba yau na fara sanin bencin ba. A 2018 na yi ta jigilar mahaifiyata, ma'aikatan lafiya suka tafi yajin aiki makonni, hannunta ya naɗe a ƙirji, haka ta koma ga Allah da shi.

A unguwa kuma kowa ya zama likita. Wannan ya ce me ya kai ni asibiti ga mai ɗori a bayan kasuwa, wancan ya kawo man jimina, wani ya ce sammu ne. Su ne dai mutanen da ke tsallake kwatar nan kullum safe da yamma, ba wanda ya taɓa ɗora mata ko katako.

To amma yaron tagar ɗan aike ne. A nan Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. A gidanmu aka sa hannu, har yau gwamnatin tarayya tana lilo a wajen kashi 5. Me zai dame su? A 2017 shugaban ƙasa da kansa ya kwashe fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan. Wanda gwiwarsa ta ɗan yi ƙara jirgi zai hau, ba mai ce masa an rufe kati. Masu gashin da muka horar da kuɗinmu suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta tsallake 1,000, kuɗin zuwa asibiti ya zama wani ciwon daban. Sannan a hau rediyo ana ce mana mu yi haƙuri, mu ƙara ƙarfin gwiwa. Wace gwiwar?

Daren jiya na zauna a tabarma, na zarga zanin uwargida a tafin ƙafa ina ja kamar yadda likita ta nuna min, gumi na zuba, yara suna leƙe ta labule. Ɗinkunan mutane bakwai na rataye a shago, masu su sun fara kira. Ranar Alhamis daga masallacin asuba zan wuce tagar nan, ba ranata ba ce, in ga ko ni ne na ashirin da ɗaya.