Akuya mai ƙafa takwas

Abin da na faɗa wa 'yan aji shida bai da wuya: in an ce a ƙara wa zane girma da ma'aunin 2, to kowane gefe a ninka shi biyu. Na zana akwati a allo, tsawo 3 faɗi 2, na mayar da shi 6 da 4. Na ce kun gane? Aji ya ɗauka, "Eee, Malam!" Wannan "eee" ɗin, duk malamin da ya yarda da ita ya shiga uku.

Na raba takarda mai gida-gida, na zana 'yar akuya, na ce kowa ya ninka min komai nata.

Na farko ya kawo akuya mai ƙafa takwas, ido huɗu, bindi biyu. Na ce wannan fa? Ya ce, "Malam, komai ka ce." Wata ta ninka tsawo ta bar tsayi, akuyarta ta fito kamar kada. 'Yan bayan aji kuwa 2 suka ƙara wa kowane gefen akwatin, mai 2 ya zama 4, mai 3 ya zama 5, suna min gardama wai ai rabi sun ci. Wani gwani har kusurwa ya ninka, digiri 90 ta koma 180, alhali kusurwa ba a taɓa ta.

Ana haka hedimasta ya leƙo, ya ɗauki mai ƙafa takwas ya jujjuya, ya ce, "Malam, lissafi ake yi ko tatsuniya?"

Don in wanke kaina na jefa tambaya: ƙaramin akwati gida 6 ne a cikinsa, babban fa? Aji ya ce 12! Sai ɗan wani dillalin filaye ya miƙe: "24 ne, Malam. Babana ya ce fili ɗari-ɗari, hamsin-hamsin huɗu ne a cikinsa, wanda ya sayar a kuɗin biyu a duba kansa." Muka ƙirga, 24 cif. Hedimasta ya fita yana yaba dillali, ni ko kallo ban samu ba.

Da aka tashi tara na ce wa ɗalibata mai awara ta yanko min wadda ta ninka ta naira 50 tsawo da faɗi, na miƙa mata 100. Ta ƙi karɓa.

"Malam, 200 ne. Yanzu muka ƙirga."