Tsaya, Ga Allo!

Duk wanda zai nemi aure, bayan binciken asali da tarbiyya, ina ba shi shawara ya bincika aikin da uban yarinyar yake yi. Nawa surukin malamin tarihi ne. Shekara da shekaru yana koyarwa a sakandare a Kano, da ya yi ritaya aka karɓe alli aka karɓe ɗalibai, aka bar shi da bakin. Ni kuwa direba ne a Jidda, kuma iyakar sanina game da hanya shi ne inda ta fara, inda ta ƙare, da inda aka laɓe kyamarar da ke cin tarar masu gudu.

Da Baba ya zo Umara ya kammala, maganar ziyarar Madina ta taso. Na durƙusa na ce zan yankar masa tikitin jirgin ƙasan Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, kafin ya gama lazimin safe yana Madina. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, a wannan gudun me mutum zai gani?"

Na ce to mu bi babban titin Hijira a mota. Ya girgiza kai, ya zaro wani littafin rubutu na ɗalibai daga aljihun babbar riga, ya karanto mini tashoshinmu: Rabig, Juhufa, Mastura, Badar, kwarin Safra, Rauha. Tsohuwar hanya ke nan ta bakin teku, wadda alhazai ke bi kafin a yi sabon titi. Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce don Allah duk abin da ya ce in ce to. Kamar dama ina da wata kalmar. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa tauna ko goro a gabansa ba, shi zan yi wa gardama?

Titunan Saudiyya cike suke da alluna, sai ranar na sani. Akwai masu sunan gari da kilomita, akwai mai kusurwa uku da hoton raƙumi, akwai ƙanana masu tunatar da matafiyi Subhanallah, Alhamdulillah, Allahu Akbar. Sai kuma masu launin ƙasa, waɗanda ke nuna wurin tarihi ko na yawon buɗe ido. Baba duk yana karantawa, kuma da ƙarfi. Na zikiri in ya karanta sai ya jira in amsa. Na raƙumi ma sai da ya yi masa sharhi. Amma da zarar ya hango mai launin ƙasa, sai ya buga tafin hannu a gaban mota:

"Tsaya, ga allo!"

Ba ruwansa da tirelar da ke bayanmu.

A Juhufa, miƙatin mutanen Sham, na sha karatun miƙatai biyar a tsaye. Gaba kaɗan muka ratse zuwa wani kango na baƙin dutse da aka zagaye da waya, da allo a jiki. Baba ya gyara tabarau ya matsa, ni kuma na riƙe masa lema. Ya karanta, ya sake karantawa. Ashe abin da ke rubuce sanarwa ce cewa wurin na kayan tarihi ne, doka ta kare shi, wanda ya yi haƙa ko ya ɗauki wani abu zai fuskanci hukunci.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Sun faɗa mana abin da za a yi mana, ba su faɗa mana abin da aka yi a nan ba."

Ni a raina na ji daɗin allon, gajere ne, ya gama magana mu tafi. Baba kuwa gurbi ya gani, ya shiga cikewa. Ya fara daga Umayyawa, ya gangaro. Can ya juyo.

"Malam, a wace shekara Abbasiyawa suka karɓi mulki?"

Na ce Allah ne masani.

"750 Miladiyya. Zauna."

A tsaye muke, cikin rana, babu ko dutsen zama.

Mastura gari ne da direbobi suka sani da kifi. Tun zamanin tsohuwar hanya ake yada zango a nan a ci soyayyen kifi da jar shinkafa, kuma ni kaina ba na wucewa ban ci ba. Aka kawo faranti, kifi ya kwanta daga wannan baki zuwa wancan, ga lemon tsami, ga yaji. Baba ya wanke hannu ya ce bisimilla. Na sunkuyar da kai na ce, "Na ƙoshi, Baba." A al'ada babba kan sake tayi sau biyu, sannan ya rage wani abu ya tashi ya ba yaro wuri. Baba ya ce, "Madalla, ƙoshi ni'ima ce," ya cinye har kai, yana ba ni labarin Abwa da ke kusa da nan, inda Nana Amina ta rasu Manzon Allah (SAW) yana ɗan shekara shida. Na yi salati da yawun bakina cike.

A Badar kam babu wasa. Mun tsaya inda aka rubuta sunayen shahidai goma sha huɗu, shida Muhajirai, takwas Ansar, waɗanda suka faɗi ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da goma sha wani abu gaban rundunar da ta kai kusan dubu. Baba ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ta shaƙe, ya rufe littafinsa. Mun yi salla a masallacin Arish, ya nuna mini gefen kwarin na kusa da na nesa da aka ambata a Suratul Anfal. Wannan allon ya yi aikinsa, bai bar wa Baba abin ƙarawa ba, kuma ni ma da na wuce garin sau ba adadi ina sauri, ranar na ji nauyin wurin.

Da muka shiga kwarin Safra, duwatsu hagu da dama, sai Baba ya ce in miƙo masa jakarsa. Ya warware wata darduma, ya fito da farantin ƙarfe mai faɗin tire, fentinsa kore, rubutu fari, ajami a sama boko a ƙasa. Mai rubutun allunan shago ya ba aikin tun a Kano. Sunan kakansa ne a jiki, da cewa ya bi ta nan a ƙasa.

Labarin na sani, babu wanda ya auri 'yar gidan bai sani ba. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a da yawa suka yi gabas. Kakan Baba yana cikinsu, saurayi. Borno, Wadai, Darfur, Kurdufan, ana tafiya ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, a haye cikin jirgin ruwa zuwa Jidda, a yi Hajji, sannan a sake taka sayyada zuwa Madina.

"Tun safe muke karanta alluna," in ji Baba. "Ka ga wanda ya ambaci mutanenmu? Dubbai sun bi hanyar nan da ƙafa, wasu a nan aka binne su. To yau za a ambace su."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma wani abu ya riga ta shiga: igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kuma na hango kaina gaban askarawa ina bayanin dalilin da baƙo zai kafa allo a ƙasar mutane ba izini, da rubutun da ba za su iya karantawa ba. Na buɗe baki, na tuna maiɗakina, na ce to.

Ba mu yi nisa ba ya buga gaban mota. Wannan karon babu allo ma. Can kan wani ɗan tudu, nesa da kwalta, an jera duwatsu sun kai ƙugu.

"Alamar mil ce!" Baba har yana rawar murya. "Halifa Saffah ya ba da umarnin kafa su a shekara ta 134 bayan Hijira, daga Kufa zuwa Makka, kafin Zubaida matar Haruna Rashid ta zo ta gina rijiyoyi da tafkuna. A irin wannan wuri ayari ke kwana. Shiga."

Hanyar Zubaida na santa, can gabas take, ta wajen Ha'il, tsakaninmu da ita tafiya ce mai nisa, kuma duwatsun nata sassaƙaƙƙu ne masu rubutu. Na san haka sarai. Na karya kan mota na sauka daga kwalta. Ƙaramar mota ce ta cikin gari, ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta zauna cikin yashi har ciki. Na ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Baba ya buɗe ƙofa ya ce in ci gaba da abin da nake yi, shi zai ƙarasa da ƙafa kamar kakansa.

Ina kwance ina tonon yashi da murfin kula, farar jallabiyata ta koma launin allunan Baba, sai ga a-kori-kura ta taso da ƙura. Wani baƙin mutum dogo da rawani ya sauko, ya dubi motar, ya dubi hular da ke kan Baba can kan tudu, ya ce, "Sannunku da rana. Daga Kano?"

Makiyayi ne, raƙuman wani Balarabe yake kiwo, mutumin Sudan, daga Mai Wurno kusa da Sinnar, a bakin Shuɗin Nilu. Da Baba ya ji sunan garin sai da ya sauko da gudu. Garin ai sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Attahirun da aka kashe a Burmi, wanda ya ja ragowar jama'a har can. Suka riƙe hannun juna suna jero garuruwan hanya, Hausar mutumin irin ta tsofaffi, da Larabci yana leƙowa. Ni dai ina ƙarƙashin mota, babu wanda ya jero ni.

Can Baba ya nuna masa tarin duwatsun, ya tambaye shi ko mutanen yankin sun san zamanin da aka kafa alamar.

"Wannan? Ni na tara, Baba Alhaji, da azumin bara. Duk kwarin nan a nan kaɗai waya ke kamawa. Tun da yaƙi ya ɓarke gida a 2023 iyali suka watse, kullum da yamma nakan hau in ji lafiyarsu. Na sa duwatsu don kada in ɓata wurin da dare."

Na tura kaina ƙarƙashin mota sosai, don abin da ke fuskata bai kamata suruki ya gani ba. Baba ya yi shiru. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"To me na ce? Na ce alama ce. Kuma ga shi namu ne ya kafa ta. Malam, rubuta."

Makiyayin ne ya cece ni daga askarawan da ke kaina. Ya ce in an kafa farantin a fili iska za ta ɗauke, ko yara. A ba shi ya ɗaure a jikin shingen raƙuma, inda yake gani kullum. Baba ya yarda, aka yi addu'a, aka ɗau hoto. Sannan ya ɗaura wa motata igiya ya fizge ta kamar ba komai, ya ce ba za mu tafi ba mu sha wani abu ba. Ya tatso nonon taguwa a kwano, da kumfarsa, da ɗuminsa.

Baba ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ni ya miƙo wa sauran.

"Shanye, Malam, magani ne. Tun safe ba ka ci komai ba."

Ashe ya lura. Na juya baya na kafa kai, yunwa ta hana ni tunani, na ga ƙasan kwano. Makiyayin ya bi ni da wani irin kallo, ya tambaya ko na saba sha. Na ce yau ne farko. Ya ce, "Allah ya kai ku lafiya," kuma yadda ya faɗe ta ba irin ta sallama ba ce.

Wanda ya san nonon raƙumi a cikin da bai saba ba, kuma babu komai a ciki, ya san sauran. Ba mu kai Wasiɗa ba cikina ya fara kiran sunana. Yaya mutum zai gaya wa surukinsa? Babu wannan jimlar a Hausa. Na hango wani allo gaba, ko karanta shi ban yi ba, na taka birki.

"Baba, ga allo!"

Ya dube ni da mamaki, ya sauka da littafinsa, ni kuma na ɗauki buta na ce zan duba bayan tudun ko akwai kufai. A Hamra na sake ganin allo. A Haif na ga biyu. Wani na kamfanin gyaran hanya ne, wani na sayar da fili, wani hoton raƙumi ne kawai, amma duk na tsaya, duk na zagaya neman kufai. A Musaijid Baba da kansa ya ce, "Malam, dare na yi, wannan mu bar shi." Na ce, "Baba, tarihi ne, ba a san ranar dawowa ba." Ya gyaɗa kai a hankali, irin na malamin da daƙiƙin ajinsa ya ba da amsa daidai.

A rijiyar Rauha, inda rundunar Badar ta yada zango, har aka mayar da Abu Lubaba ya kula da Madina, Baba ya yi bayani mai tsawo, na saurara ina jingine da mota ina haɗa gumi. Ya ɗauka tasirin wurin ne. Muka shiga Madina tsakar dare, tafiyar da jirgi ke yi kafin a gama lazimi.

Yanzu duk dangin maiɗakina a Kano sun ji cewa cikin surukan Baba babu mai son ilimi kamata. Wai har bayan duwatsu nake zagayawa ni kaɗai. Ita kaɗai ta san gaskiya, kuma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Makon jiya ya kira. Ya gano cewa layin dogon Hijaz da Turkawa suka shimfiɗa daga Dimashƙa, wanda ya iso Madina a 1908, tashoshinsa na dutse suna nan a jere cikin sahara har Tabuka, kusan kowace da allonta. Zai dawo da Rajab, da abokansa biyu da suka yi koyarwa tare, ɗaya na labarin ƙasa. Ya ce in nemo mota mai ƙarfi, kuma mu biya ta wurin mutumin Mai Wurno, tunda ya ga nonon ya karɓe ni.