Ana ta dasa darbejiya, wa ke tsaron uwar magunguna?

Damina ta kama, an sake fitowa bikin dashen itatuwa a Gusau, kuma in ka duba ledojin da aka jera darbejiya ce da turare. Ita daga Indiya aka kawo ta, shi kuma daga Ostireliya. Suna da amfaninsu, amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tunanin jami'anmu cewa kare muhalli ƙirga yawan dashe ne kawai, alhali namu na gado na ƙarewa ba mai ko waiwaya.

Ku dubi sanya, wadda iyayenmu ke kira uwar magunguna. Ɗan guntun icce ne mai fure shunayya da ƙamshi, saiwarta in ka kankare sai ka ji kamar an buɗe man zafi. To saiwar nan ita ce ajalinta, don mai tono ba ya ɗiba ya rufe, tumɓuke ta yake gaba ɗaya ya ɗaure dami-dami ya kai kasuwa, ga ta kuma da wuyar tsiro daga iri, in aka cire ta aka sake dasawa da ƙyar take kamawa. Darbejiya dubu ba za ta maye gurbin sanya ɗaya ba.

Kuma ai saboda irin wannan aka keɓe gandun dajin Kuyambana a ƙaramar hukumar Maru, wanda ya haɗe da dajin Kamuku na Birnin Gwari. Yau wane malamin daji ne ke iya shiga can? An bar wa 'yan bindiga da masu gawayi. Masu cewa ana kashe mutane kai kana zancen fure, su sani sakacin da ya bar dajin ba mai tsaro shi ne dai ya ba ɓarayin mafaka.

Kuɗi kam akwai su. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, a 2021, Zamfara na ciki, ga kuma hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai dasa itatuwa don tare kwararowar hamada. Haba jama'a, a ce duk cikin wannan babu ko ɗan kason renon sanya da gauɗe? A ba Jami'ar Tarayya ta Gusau aikin gano yadda za a sa irin sanya ya riƙa tsirowa, a zauna da masu maganin gargajiya da hakiman yankin Ɗansadau da ke kusa da dajin a sa doka kan tumɓuke saiwa, tun kafin a wayi gari sai an tsallaka wata jiha neman ta.